Asabar ɗin ƙarshen wata

Yau na gaji liƙis, kuma raina bai yi daɗi ba.

Ranar tsaftar muhalli ce a Kano, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba zirga-zirga. Tun makon jiya muka tsayar da magana a zauren WhatsApp na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu da nake wa koci cewa za mu yashe kwatar bakin layi kafin damina ta kankama, don bara ruwa har cikin ɗakin wata tsohuwa ya shiga. Kowa ya rubuto "in sha Allahu da ni". Da gari ya waye mu biyar muka tsaya a bakin kwata, da shebur biyu, manjagara ɗaya da baron aro. Ledar fiya wata ta cakuɗe da yashi ta toshe kwalbati tam. Golanmu ne ya ɗaure buhu a ƙafafunsa ya shiga har gwiwa, yana cikowa muna kwashewa. Mai unguwa ya zo wucewa ya ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ina sauran?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah dai ya kawo su." Kunya ta hana ni ƙara komai.

Bayan la'asar kuma muna da wasa a gasar unguwanni. Mutanen da suka shiga kwata da safe, su ne dai suka riga kowa zuwa fili, hannuwa duk kanta. Da wani yaro da ya biyo mu muka zama shida. Rafari ya tuna mana dokar da na sani sarai: ba a take wasa in ƙungiya ba ta kai mutum 7 ba. Na koma gefe ina ta buga waya.

Ɗan gabanmu ya ɗauka, ina jin ƙarar A Daidaita Sahu. Ya ce, "Koci, wallahi ka yi haƙuri. Safiya ta tafi ban fita ba, ko rabin balas ban haɗa ba, kuma mai mashin ba ya jin uzuri." Me zan ce masa? Yana da mata da jariri. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya ci min rai shi ne ɗan bayanmu, da aka ce an gan shi yana buga wa wata unguwa saboda sun ba shi kuɗin mota. Ni na saya masa takalmin da yake sawa. Ba kuɗin nake ji ba, da ya faɗa min tun jiya ai da na nemi wani.

Da kyar mutum biyu suka iso, muka shiga mu takwas, aka ci mu. Amma yaran nan sun yi gudu har sai da na ji tausayinsu.

A hanyar gida muka ɗauko hirar Kano Pillars, yadda ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. A ganina sirrin shi ne 'yan wasan da suka daɗe tare har kowa ya san tafiyar ɗan'uwansa. Dubi Rabi'u Ali, ya haura shekara 40 yana sanye da rigar nan. To su akwai albashi da kwantiragi. Mu abin da ke riƙe mutum alƙawarin bakinsa ne kawai, ga neman abinci yana jan sa ta ɗaya gefen. Tsorona kada 'yan kaɗan ɗin nan da ke ɗauke da komai su gaji su ma su janye.

Na yanke shawarar daina yin shela a zaure. Gobe ni da kyaftin za mu bi mutane gida-gida, kowa ya faɗi ranar da zai iya da wadda ba zai iya ba, mu tsara atisaye a kan haka. Sai dai da za mu rabu golanmu ya ja ni gefe ya ce ya samu gurbin karatu a Zariya, wata mai zuwa zai tafi. Na yi masa murna har zuciyata, Allah ya sa albarka. Yanzu dole kafin ya tafi mu fara koya wa ƙanen kyaftin tsaron raga, don shi kaɗai na ga ba ya tsoron faɗuwa a kan tsakuwa.