Neman kakan da aka ce ya je yaƙin Bama

Shagona yana kusa da Taminus a Jos. Da buga takardu da gyaran tsofaffin hotuna na fara, har ranar da wata Hajiya daga Gangare ta kwance wani ƙulli a kan teburina: tauraro mai tsini shida, irin lambar yabon soja, da kalarsa ta dushe, da takardar da gara ta ci gefenta. Ta ce, "Ɗan nan, an ce Baba ya je Bama. So nake jikokina su ji tabbas, ba wai-wai ba." Bama ɗin nan ita ce ƙasar Burma, Myanmar a yau, inda aka kai sojojinmu a yaƙin duniya na biyu. Tun daga ranar bin sawun irin waɗannan sojoji ya zama rabin aikina.

Abin da nake fara tambaya shi ne lambar soja. Suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina, domin Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, wane Bauchi, wane Kano, ga kuma waɗanda ba Hausawa ba da suka shiga da sunan Hausa, tunda da Hausa ake magana a bariki. Tauraron ma ba ya faɗin mai shi, don ba a buga suna a kan irin na yaƙin duniya na biyu ba. Takardar sallama ce ke magana. Ta Hajiya, da na haska ta a kwamfuta na ƙara girmanta, sai ga lambar ta fito, ga runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a yankin Arakan na Bama, ta shiga garin Myohaung a Janairun 1945. Hajiya ta daɗe tana shafa hoton takardar ba ta ce komai ba.

In mutum a can ya rasu, ina duba jerin sunayen hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila a intanet. Sauran kuwa sai na hau mota zuwa Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, na wuni ina buɗe fayil.

Wurin da aikin yake da nauyi shi ne in takarda ta saɓa wa labarin gida. Wani matashi ya zo da yaƙinin kakansa sojan Hitila ne, kamar yadda tsofaffi ke kiran waɗanda suka je yaƙin duniya na biyu. Na bi, na bi, babu lamba, babu takardar sallama. Sai da na zauna da gwaggonsa ta ce ai hakimi ne ya ɗebe su, kuma sanyi ya kusa kashe shi. Sanyi, ba ruwan sama da dajin Bama ba. Aikin tilas na haƙar kuza ne, wanda Turawa suka ɗora wa talakawan Arewa a nan Filato daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda suke samun kuza, kuma mutane da yawa sun mutu a cikinsa. Na gaya masa yadda abin yake, ban rage ba. Ransa ya sosu. Bayan mako biyu ya dawo, ya ce in rubuta masa labarin kuzar daki-daki, zai karanta wa 'yan'uwansa ranar Sallah.