Ranar ƙidayar dashe a Alentejo

Laraba, tsakiyar Oktoba, Évora

Ruwan farko ya sauka makon jiya, bayan tun ƙarshen Mayu rabonmu da ruwan kirki. A kudancin Fotugal ruwa da sanyi tare suke zuwa, daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan zafi ya zo shi kaɗai, sama tas babu ko hadari. Abin da ke sauka a nan a shekara wajen milimita 600 ne, bai yi nisa da na Katsina ba. Bambancin shi ne lokacin da tsiro ya fi bukatar ruwan, a Yuli da Agusta da zafi ke haura digiri 40, lokacin ne babu shi.

Shi ya sa malamarmu ta ce yau mu fita ƙidaya. Bayan asuba muka kama hanyar gonar, ni da abokin karatuna da ita. Aikin mai sauƙin faɗa ne: kowane tsiron sobreiro da aka shuka bara yana da turke mai lamba, mu bi layi mu rubuta ko yana raye ko ya mutu. Sobreiro shi ne nau'in itacen oak da ake ɓare wa ɓawo a yi toshiyar kwalba, kuma kusan rabin wannan ɓawo da ake amfani da shi a duniya daga ƙasar nan yake fitowa. Ba a fara ɓare shi sai ya kai wajen shekara 25, daga nan sai duk bayan shekara 9, kuma ɓawo mai tsada sai a ɓara ta uku, lokacin itacen ya wuce 40. Waɗanda aka ɓare bana gangar jikinsu ja ce jawur, an rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti. A 2011 majalisar dokoki ta ayyana shi a matsayin itacen ƙasa, kuma ba a sare shi sai da izinin hukuma.

Duk da wannan gata, abin da ke damuna tun zuwana bai sauya ba. Ka tsaya a tsakiyar gona ka waiga ko'ina, dattawan itatuwa ne kawai, babu 'yan baya. Gonar da ba ta da ƙananan itatuwa ta fara ƙarewa ko da ganyen manyan yana nan kore shar.

Layin farko ya karya mana gwiwa. Tsiro bayan tsiro, sai ƙirare busassu, ganye ya yi ja ya kakkaɓe, ka taɓa ya karye. Abokina ya fara jera alamar mutuwa a takarda. Sai ga dattijon da ke kula da gonar, wanda ya yi rayuwarsa duka yana ɓarar ɓawo, ya zo ya tsaya yana kallonmu. Ya durƙusa a gindin wani da muka riga muka kashe a rubuce, ya sa yatsa ya tone ƙasar kaɗan. Ya ce da ni, "Yaro, duba nan kafin ka yanke masa hukunci." A ƙarƙashin ƙasa, daidai inda kara ya haɗu da saiwa, akwai wani ɗan kumburi mai tauri, a jikinsa idanun toho guda biyu jajaye sun fara kunno kai. Na ce, "Baba, ai da mun binne shi da ransa." Ya ce mu koma farkon layin.

Mun koma. Ba duka ba ne, wasu sun mutu har saiwa, ka ja su taho a hannunka ba nauyi. Amma da yawa daga cikin waɗanda muka ɗauka sun tafi suna nan.

Na san bayanin wannan a littafi, yau ne na gan shi da idona. Ƙwallon oak idan ya tsira, saiwa yake fara turawa ƙasa, can daga baya kai ya fito. Ƙwallon kansa ba ya fitowa sama, yana zama a binne yana ciyar da tsiron daga abincin da uwa ta ɗura masa. Kafin zafin farko ya iso, tsiron da bai wuce taƙi ɗaya a sama ba saiwarsa ta ninka wannan tsawon sau da dama, tana bin laima ƙasa-ƙasa yayin da saman ƙasa ke bushewa. Tsere ne tsakanin saiwa da bushewar ƙasa, kuma zafin shekarar farko shi ya fi kashe su.

Idan fari ya kankama, tsiron yana rufe 'yan ƙananan ƙofofin da ke bayan ganyensa. Da sassafe ya buɗe su kaɗan, rana na ɗagawa ya rufe. Ta nan ruwa ke fita, amma ta nan ne kuma iskar da yake haɗa abinci da ita ke shiga, don haka tsimin ruwa yana nufin zama da yunwa. Sai ya koma cin sitacin da ya tara a saiwa da wancan kumburin. Idan ƙasa ta ci gaba da bushewa, jan ruwan da ke cikin jijiyoyin kara yana tsananta har zaren ruwan ya tsinke, iska ta shiga, kamar yadda iska ke shiga tiyon mai noman rani ruwa ya ƙi hawa. Jijiyar da ta toshe haka yawanci ta tafi ke nan, sai dai a gina sabuwa. A nan ne tsiron yake sallama ganye, ya sallama kara, ya tattara abin da ya rage masa a ƙarƙashin ƙasa ya jira.

Abin da malamarmu ta fi nanata mana, muna zaune muna cin burodi da zaitun a inuwa, shi ne farfaɗowa ba rana ɗaya ba ce. Wanda bai rasa ganyensa ba, cikin 'yan kwanaki da saukar ruwa zai miƙe ya yi kyan gani. Amma rumbunsa ya yi ƙasa. Wanda ya yi toho daga gindi kuwa bashi ya ci daga saiwa, kuma sai ya samu damina mai kyau ko biyu kafin ya biya. Idan wani farin ya riske shi kafin nan, ko saniya ta cinye tohon, ko aka bi ta kansa da garmar tarakta don share ciyayi saboda tsoron gobara, zai sake gwadawa da ƙaramin ƙarfi, har ranar da babu abin da zai fitar. Ƙasar nan ta sha mummunan fari a 2005 da 2017 da 2022. Farin ba baƙo ba ne ga wannan itace, kusantar juna da yake yi yanzu shi ne sabon abu.

Akwai kuma wata cuta a ƙasa, Phytophthora cinnamomi, da ke cinye ƙananan saiwoyi lokacin da ƙasa ke jiƙe. Itacen sai ya mutu da rani, a ɗora wa fari laifi, alhali tun da damina aka yanke masa hanyar sha.

Da yamma na lura da abin da ya faranta min rai. Mafi lafiyar tsiron da na gani yau ba namu ba ne. Yana cikin wata sarƙaƙiyar ƙaya a bakin shinge, ganyensa kore, babu turke babu lamba. Dattijon ya ce aikin tsuntsu ne, wanda suke kira gaio, mai ɗaukar ƙwallaye da kaka ya binne su ɗaya-ɗaya don ajiya, ya manta da wasu. Ƙayar ta ba shi inuwa, ta kuma tsare shi daga bakin shanu. Mu kuwa mun share fili tas sannan muka shuka a tsakiyar rana. Ina ganin wannan tsarin yana bukatar a sake duba shi, kuma na faɗa wa malama haka.

Bayan isha'i na kira Kawu a ƙauyensu da ke jihar Maraɗi, na ba shi labari. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "Ɗana, ai sassaben zamani ke nan kake gaya min." Gaskiyarsa. Tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostiraliya, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa a gonakin Maraɗi tohon kututture ne masu rai, manoma suka fara barin ƙarfafan rassa biyu ko uku na kalgo da sabara da gawo suna rage sauran, har aka dawo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar ba tare da an dasa ba. Itatuwan daban ne, ƙasar daban, amma a wuraren biyu rai yana ƙarƙashin ƙasa, kuma abin da ake bukata daga mutum shi ne ya tsare tohon. Yana ɓata min rai yadda a taron dashen itatuwa, can gida da nan, ake ƙirga abin da aka sa a rami ranar biki, babu mai komawa bayan rani ya ga me ya rage.

Malama ta yarda mu ƙara layi na uku a takardar, na waɗanda kansu ya bushe amma gindinsu na da rai, kuma ba za a cire turken kowa ba sai mun sake zagayowa a Afrilu. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi ɗaya filin, wanda shanu suka ɓalla shingensa a Agusta. Sai mun biya kasuwa mun sayi waya da ƙusa tukuna, don dattijon ya ce ba zai bar mu mu ƙirga komai ba sai an ɗaure shingen.