Ƙamshin Lemo a Ɓawo Yake

Kek ɗin lemo mai hawa uku na farko da na yi, na sunan ɗiyar yayata ne. Na yi sammakon zuwa kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, na sayo lemon zaƙi na Binuwai da lemon tsami, na matse ruwa kofi guda na juye a kwaɓin. A ganina yawan ruwa shi ne yawan ƙamshi. Tsamin ya tsinka madarar ta yi gudaji-gudaji, kek ya fito a danƙare, tsakiyarsa ta lotsa, ƙamshin kuma ko alama. Raina ya ɓaci sosai, don na riga na yi wa Yaya alkawari.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta fara gashin kek tun ana yi da tukunya da yashi a kan gawayi, ita ta warware mini. Ta ɗauki lemo ɗaya, ta karce bayansa da farce, ta kai mini hanci.

"Kin ji, 'yar nan? Man da ke ba da ƙamshin yana cikin ƙananan ramukan nan. Ke kuma kin zubar da shi a shara."

Na ce, "Inna, ɓawon ba zai yi ɗaci ba?"

Ta ce farin da ke ƙarƙashi ne mai ɗaci. A wanke lemon tas, a goga shi sama-sama da ƙaramin magogi, da an hango fari a juya. Sai a murza gogaggen ɓawon da sukari da yatsu har sukarin ya yi danshi, kafin a sa bota. Ranar kicin ɗinmu ya ɗauki ƙamshi tun ban kunna wuta ba. Ta kuma hana ni raina lemo mai koren baya, domin a ƙasar zafi irin tamu yakan nuna ba tare da ya canja launi ba.

Ruwan lemon yanzu dafa shi nake da sukari, in tsattsaga kek ɗin da tsinke yana da ɗumi, in shafa masa ya tsotse.

Sauran da kaina na koya, a hankali. Na sayi ƙaramin sikeli, domin idan kwaɓin gwangwanaye uku bai zo daidai ba, hawan zai karkace. Ina gasawa a digiri 180, kuma ba na buɗe murfi kafin minti 20, ko da zuciyata na ta azalzalata. Zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu kuwa ba ya raga wa kirim ɗin bota, balle idan an ɗauke wuta firij ya huce. A lokacin sai in yi gashi da dare, kek ya kwana ya huce sarai, in harhaɗa shi bayan sallar asuba.

Na biyun da na yi, Inna na fara kai wa yanka guda. Ta sansana tukuna kafin ta kai baki, sannan ta ce in rage sukari kaɗan.