Kaya iri ɗaya, farashi daban-daban

Ina sashen sayo kayayyaki na wata hukumar gwamnatin tarayya na koma jami'a ƙaro karatu. A can na ci karo da binciken da Oriana Bandiera da Andrea Prat da Tommaso Valletti suka wallafa a 2009 kan sayayyar gwamnatin Italiya. Sun duba abin da hukumomi daban-daban ke biya kan kaya iri ɗaya, suka gano kashi 83 cikin 100 na asarar ba cin hanci ne ya jawo ta ba. Sakaci ne, da rashin sanin farashi, da ƙa'idojin da suka ɗaure wa jami'i hannu.

Mu nan da an ambaci kwangila, sata ce ke fara zuwa zuciya, kuma ba na musun akwai ta. Duk da haka na ce bari in gwada dabararsu. Na kwaso tsofaffin fayiloli, na ware kayan da ba a gardama kan ingancinsu: takardar A4, tawadar firinta, taya, dizal. Na jera farashi a kwamfuta, wata bayan wata, sannan na shiga kasuwa na taya kayan kamar mai saye da kuɗinsa.

Sai ga sassa biyu a gini ɗaya sun sayi takarda iri ɗaya a wata ɗaya, farashi ya sha bamban. Kowanne kuma ya cika ƙa'idar dokar 2007 wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayayyar gwamnatin tarayya: an karɓi tayi, an zaɓi mafi arha cikin waɗanda suka cika sharaɗi. To amma mafi arha cikin masu tsada ai mai tsada ne. Fayil ya yi kyau, aljihun gwamnati ya sha kashi.

Da na matsa wa wani ɗan kwangila, bai ɓoye mini ba. Rance yake ci a banki, kuma bai san ranar da za a biya shi ba, don haka kuɗin jira yana cikin farashin.

Na kai wa oga jadawalin, ya amince mu buɗe kundin farashi guda wanda kowane sashe zai duba kafin ya sa hannu, ana sabunta shi saboda hauhawar farashi. 'Yan kwangila sun yi ƙorafi, daga baya suka sauko. Biya a kan lokaci kuwa yana hannun ofishin kuɗi, har yau muna ta rubuta musu takarda.