Asabar a shago: wa lokaci yake yi wa aiki?

Kasuwa ta yi sanyi yau, gari kuwa ya ɗau zafi tun hantsi. Bappa ya tafi ɗaurin aure Bajoga, ya bar mini shago, ya haɗa ni da Auta, wanda hutun makaranta ya sa yake biyo ni Babbar Kasuwa kullum. In ban da wata mata daga Kumo da ta taya atamfa ta yi gaba, babu wanda ya leƙo har wajen sha ɗaya. Waya cike da caji, data da ɗan saura, sai na buɗe Hearthstone.

Wasan kati ne na waya da kwamfuta, kamfanin Blizzard ya fito da shi a 2014. Kowa na shiga da kati 30 da ya tsara da kansa, jaruminsa na da rai 30, wanda nasa ya riga ƙarewa shi aka ci. Abin da ke juya wasan shi ne mana. Zagayen farko kana da 1, kowane zagaye a ƙara maka 1, har ta tsaya a 10, kuma kowane kati da farashinsa. Wadda ba ka kashe ba a zagayen nan ba ta bin ka zuwa na gaba. Wannan ne ke ruɗar sababbin hannu: gani suke duk katin da kuɗinsa ya kai, dole a jefa shi yanzu-yanzu.

Auta irinsu ne. Ya kafa haɓa a kafaɗata, bakinsa bai huta ba.

Wasan farko, cikin nau'o'in jarumai ina riƙe da Mage mai sihiri, abokin karawata Paladin, masu cika fili da ƙananan mayaƙa. Shi ya fara, don haka aka ba ni ƙarin kati ɗaya da kwabon nan mai ƙara mana 1 sau ɗaya tak a wasa. Da muka kai zagaye na 6 yana da mayaƙa uku a fili, kati huɗu a hannu. Ni kuma ina da Flamestrike, mai mana 7, wanda ke yi wa duk mayaƙan abokin gaba duka 5 lokaci guda. Shida da kwabo, bakwai kenan.

"Hamma, ƙone su! Ga kwabo nan, me kake jira?"

Na ce ya bari in yi lissafi. Raina 24. Ukun nan ko sun haɗu sun same ni, 7 za su cire. Ba mutuwa a kusa. Sai na ajiye wani mai tare hanya, na yi shiru kamar wanda hannunsa ya bushe. Mutumin ya ga banza ta faɗi, ya zazzage kati uku, fili ya zama mayaƙa shida. Zagaye na 7 na saki wutar, ko ɗaya bai tsira ba, kwabona kuma na nan a aljihu. Kati ɗaya nawa ya cinye shida nasa. Ya rage da kati ɗaya a hannu, ni da biyar. Ya ɗan ja, ya miƙa wuya.

Abin da nake so Auta ya gane shi ne rai ma jari ne, ana kashe shi a sayi lokaci. Mai rai 30 da mai rai 3 duk ɗaya ne in sun ci wasa. Amma gaskiya mutumin ya taimake ni. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san abin da Mage ke iya yi a zagaye na 7, zai bar uku a fili suna cizo, ya riƙe sauran don sake cika fili bayan gobara. Da na gamu da irin wannan, jirana ba abin da zai ƙara mini sai asarar rai 7.

Wasa na biyu abokin karawata Hunter ne, nan labari ya juye. Jaruminsa da mana 2 yana cire maka rai 2 kowane zagaye, ba ruwansa da abin da ka tare hanya da shi. Tun zagaye na 2 na ga irin katunan da yake saukewa, masu araha masu gudu, duk fuskata suke nufa. Ban ɓoye komai ba. Fireball, da ake tanada don ƙarasa wasa saboda dukansa 6 ne, na sauke shi kan wani ɗan mayaƙi mai mana 3. Auta ya riƙe baki.

"Ɗazu ka ce a riƙa jira."

Na ce ɗazu lokaci ni yake yi wa aiki, shi ya sa na jira. Yanzu in na tsaya tanadi, zan mutu da manyan katuna a hannu. Tambayar da nake yi wa kaina kenan tun zagaye biyun farko: in wasan nan ya yi tsawo, wa zai ji daɗi? In ni ne, aikina in rayu kawai, ko da asarar kati mai tsada. In shi ne, to ni ne mai gaggawa, kowace mana sai na mayar da ita duka. Dek ɗinka, wato katunan da ka tsara, ɗaya ne, amma matsayinka na sauyawa da wanda ke gabanka. Mage ɗin da ya yi haƙuri da Paladin, in ya haɗu da Warrior mai tara sulke, shi ne zai koma mai kai hari.

Hunter ɗin ya ci ni duk da haka. Ana tsakiyar wasan wani dattijo ya shigo neman shadda yadi biyar, zagaye kuwa daƙiƙa 75 ne, igiyar nan mai nuna lokacinka ya kusa ƙarewa ta kama wuta ta cinye ina riƙe da almakashi. Ciniki ya faɗa, ban yi baƙin ciki ba.

Bayan azahar muna shan fura, Baba mai huluna na shagon kusa ya matso. Ya daɗe yana kallon mu ta gefen ido.

"Yaro, wannan abin naku ba caca ba ne?"

Na ce Baba, ba a sa kuɗi a ci kuɗi. Amma ban ɓoye masa ba, ana sayar da ƙunshin kati biyar-biyar wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, kuma ni wannan ɓangaren bai kwanta mini ba, shi ya sa da zinaren cikin wasa kaɗai nake buɗewa. Da na ba shi labarin Paladin sai ya yi dariya, ya ce ai ko a Whot, a zamaninsu, ana gane ɗan koyo ne da saurin yar da 20. Ya ɗau hularsa ya koma.

Da la'asar na nuna wa Auta ƙananan abubuwan da ba sa cin ko mana ɗaya, jeri ne kawai. In za ka ja sabon kati a zagayen, fara da jan, don abin da ya zo zai iya sauya duk shirinka. In Mage ya ɗana tarko a ɓoye, kada ka fara da babban sihirinka: jefa kwabo tukuna, in Counterspell ne, mai soke sihiri, ya haɗiye kwabon a banza. In kana zargin Mirror Entity, mai kwafar mayaƙin da ka sauke, fara da mafi ƙanƙanta. Hannu kuma kati 10 yake ɗauka, na sha ɗaya ƙonewa yake, don haka shi ma riƙon yana da iyaka. Ya ce ya ji. Idonsa na kan masu tallar awara.

Mun hau keke zuwa Pantami daf da magariba, muka tarar babu wuta. Bayan isha'i ya lallaɓa ya karɓi wayar Adda, wai zai nuna mini nasa wasan, Marvel Snap. Na 2022 ne, gajere ƙwarai: kati 12, zagaye 6, wurare uku, wanda ya rinjaya a biyu ya ci. Ku biyun kuke ajiye kati a lokaci guda a rufe, sannan a buɗe, kuma na wanda ke kan gaba ake fara buɗewa. Wannan ya burge ni, domin akwai katin da gara ya buɗu daga baya. Shang-Chi, mai rusa manyan katuna, in ya riga buɗuwa a zagayen ƙarshe, ƙaton da aka ajiye a zagayen ya tsira. Wato wani lokaci da gangan za ka bari a ɗan wuce ka a zagaye na 5.

Auta bai kai nan ba. Shi dai maɓallin ninka maki yake so. Tun zagaye na 2 ya danna, bai ga wuri na uku ba ma, ɗayan ya mayar masa, aka je ƙarshe ya zubar da 8. Na nuna masa maɓallin janyewa, na ce da ya fita da wuri kaɗan zai rasa. Ya ce janyewa ta matsorata ce. Adda ta ce matsoraci ko jarumi, a ba ta wayarta, cajinta ya kusa mutuwa.

Kafin in kwanta na sake duba dek ɗina. Flamestrike biyu ne a ciki, iyakar abin da aka yarda ka saka na kati iri ɗaya in ba na alfarma ba. Kwanakin nan Hunter sun yi yawa a matakin da nake, kuma da su ba a cika kai wa zagaye na 7 da sauran numfashi ba. Na cire ɗaya, na sa Frostbolt mai mana 2. Bappa ya kira, ya ce kaya za su iso daga Kantin Kwari ranar Litinin da sassafe, in sami yaran da za su sauke.