Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Littafin Bashin Ƙanena

A makon jiya na tsaya ne a inda muka binne ƙanena a bayan majami'ar ƙauyen da yake aikin bishara, kudu da Malumfashi, bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi a tsakiyar damina. Yau zan ba da labarin abin da ya biyo bayan jana'izar, wanda ya fi ranar mutuwar kanta yi mini nauyi.

Muddin ana zaman makoki, gidan bai rasa jama'a ba. Matan zumunta daga ikilisiyoyin kewaye sun zo sanye da zane iri ɗaya, da tulunsu da kacau-kacau, suka kwana suna waƙoƙin ta'aziyya, wasunsu kuma suka karɓi murhu daga hannun matar marigayi. Maƙwabta Musulmi, har da mai unguwa da limamin gari, sun zauna tare da mu a kan tabarma a ƙofar gida, suna cewa Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Kusan duk Kiristan da ya riƙe hannuna sai ya ce mini Ubangiji zai tanada, ni ma na gaskata da hakan, har yau kuma ina gaskatawa. Amma da mutane suka watse, abin da ya rage a gabana shi ne gwauruwa da ƙananan yara huɗu, da gonar dawa da ke jiran maimai, da rumbun da aka riga aka kai ga gindinsa kamar yadda yakan faru a watan Agusta.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Shi Bamaguje ne da ya je neman magani a asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, a zamanin da mishan ɗin SIM ke kula da wurin, ya koyi karatu a can, ya komo gida da bangaskiya da kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar da aka fara bugawa a 1932. Ni na zama malamin firamare a Zariya, daga baya ikilisiyarmu ta ECWA ta zaɓe ni cikin dattawa. Ƙanena ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, ranar tafiyarsa kuma Baba ya danƙa masa wannan tsohon littafi. Shi ne matarsa ta ɗauko mini daga ƙarƙashin matashi a daren da za a yi taron dangi.

Ta ce, "Yaya, akwai abin da ya kamata ka gani kafin su Baffa su zauna."

A cikin bangon littafin akwai ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda ya lanƙwashe saboda yawan zama a aljihu. Daga gaba ya jera sunayen masu ajin baftisma da abubuwan da yake yi musu addu'a a kai. Idan aka juya ta baya kuwa, bashi ne: buhun taki biyu a wurin wani ɗan kasuwa, tiyoyin dawa a wurin wani maƙwabci, kuɗin allura da ƙwayoyi a kemis, kananzir a wurin mai tebur. A gefen wasu layukan ya rubuta sunan wanda ya ci bashin dominsa, kamar wani ɗan ikilisiya da matarsa ta sha wahalar haihuwa, da wata tsohuwa da ba ta da kowa. Waɗannan shekaru ne da suka biyo bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, farashin komai ya tashi, ɗan abin da ake ba mai bishara a wata kuwa bai motsa yadda kasuwa ta motsa ba.

A taron dangi, Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya yanke shawara cikin sauri. Ya ce a raba yaran a gidajen 'yan'uwa, matar ta koma wurin iyayenta tunda da sauran ƙuruciyarta, bashi kuma a kai wa coci, tunda a bakin aikinta ya mutu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, shi ma yana da bakuna da yawa a gidansa, kuma maganarsa ta yi daidai da abin da albashina yake faɗa mini. Na roƙi a ba ni lokaci, ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Kashegari na tafi wurin faston da ke lura da ikilisiyoyin yankin, dattijo ne da ya san mahaifinmu. Ya duba littafin shafi bayan shafi, sa'an nan ya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta biyar, ya sa na karanta da bakina inda aka ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman mutanen gidansa, ya musunci bangaskiya, da kuma inda aka ce mai bi da ke da gwauraye a danginsa ya taimake su, kada a nawaita wa ikilisiya, domin ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa.

Ya ce, "Malam, ikilisiya za ta yi nata. Matar za ta zauna a gidan mai bishara har a gama kaka, ba za mu turo wani ba sai ta cire amfanin gonarta, kuma za a yi mata gayya. Amma yaran nan suna da kai."

Na ce, "Baba, ɗaki biyu gare ni a Zariya, ga nawa yaran."

Ya ce, "Na sani. Je ka yi shawara da maiɗakinka tukuna, kada ka ɗauki alkawari da wuyan wani."

Wannan gargaɗi nasa na ƙarshe ina so dattawan ikilisiya su riƙe shi, domin na ga maza da yawa suna yin alheri a bainar jama'a, matansu kuma su ne suke biyan kuɗinsa a bakin murhu ba tare da an tambaye su ba. Da na koma na faɗa wa maiɗakina komai, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Daga baya ta ce idan aka raba yaran nan da uwarsu an yi musu mutuwa biyu, ta kuma ce kwasar adashinta ta kusa, a fara da ita. Ta gindaya sharaɗi guda, cewa a nema wa ƙanwarmu, wato matar marigayi, ɗakinta dabam da sana'arta, kada a mai da ita 'yar karo a gidan wani, kuma lokaci ya nuna cewa ta fi ni hangen nesa a wannan.

A hutun makaranta na ɗauki littafin na bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya. Mai kemis ya karɓi kuɗinsa cif, kuma hakkinsa ne. Alhajin da ya ba da taki ya ɗauko nasa littafin, muka gwada, lissafin ya zo daidai har kwabo. Ya karɓi kuɗin buhu ɗaya, ya ja layi a kan ɗayan, ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma marigayi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Mai tebur ya ce shi ya riga ya yafe tun ranar jana'iza. Wanda ya ba ni wahala shi ne ɗan'uwan da aka ci bashi saboda haihuwar matarsa, domin duk lokacin da ya hango ni sai ya sauya hanya. Na aika masa cewa an biya, ba na binsa komai, ya daina gudun majami'a saboda ni. Bai zo ya same ni ba, amma ranar gayya shi ya fara isa gonar da fartanyarsa, shi ne kuma na ƙarshen tashi.

A duk wannan kai da kawowa ban sami sararin yin kuka ba. Ina koyar da manya a makarantar Lahadi, ina zuwa gaisuwar mutuwa a gidajen wasu ina karanta musu Yahaya sura ta goma sha ɗaya, mutane suna yaba ƙarfin halina, alhali kuwa zuciyata a bushe take. Kukan ya zo ne wata safiya a lokacin addu'ar gida, da babban ɗan marigayi ya karanta Zabura ta ashirin da uku da irin jan muryar ubansa, yana ɗan tsayawa a inda ubansa yakan tsaya. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai yawa, ƙanwarmu kuma ta hana yara su biyo ni. Tun daga ranar na daina gaya wa masu makoki su yi shiru, domin Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ya kuwa san zai tashe shi.

Abin da na gani ya sa na kai magana gaban taron dattawa a Zariya. Muna karɓar baikon gwauraye lokacin Kirsimeti, a raba shinkafa da atamfa, daga nan sai wata shekara. Na tuna musu Ayyukan Manzanni sura ta shida, inda aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na yau da kullum, manzanni kuma suka sa aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin da sunayensu. Na ba da shawara a rubuta kowace gwauruwa, a fara neman danginta a tuna musu hakkinsu, sa'an nan a haɗa ta da dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumunta waɗanda za su san kuɗin hayarta da makarantar 'ya'yanta, su kawo rahoto kowane wata. Wasu sun ce shiga sha'anin gidajen mutane ne, an kuma yi gardama sosai kafin a amince a gwada.

Da aka yi kaka, muka sayar da rabin dawar, muka ɗora sauran a mota tare da kayan ɗaki, ƙanwarmu da yaranta suka sauka a wani ɗaki da muka kama musu kusa da mu, ta fara tuyar ƙosai da sayar da koko a bakin hanya. Ba a yi wata biyu ba sai ga saƙo daga Baffa cewa ya riga ya yi wa wani alkawarin auren babbar 'yar marigayi, wadda a lokacin ko firamare ba ta gama ba. Yadda muka ƙare da wannan magana shi zan kawo a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.