Godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na dawo gida Ƙofar Marusa, jiki kuma da sauƙi.

Shekara 6 ke nan ina fama da hawan jini. Magani kala uku nake sha kullum, na rage gishiri da ɗanɗanon miya, amma duk awo sai a ga 170 bisa 105. Sai ranar da gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan sitiyari daf da Charanci, mota ta gangara gefen titi. Allah ya sa da sauran kwana. Direban tirelar da ya tsaya ya fito da ni, ban ko san sunansa ba, Allah ya saka masa da alheri.

Godiya mafi girma ta uwargida ce. Kowa ya san ana yi mini tsiya da minshari, ni ma dariya nake. Ita ce ta hana idonta barci ta ɗauke ni a waya: minshari, sai tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai in zabura kamar wanda aka shaƙe. Da likita ya kalla, ya ce, "Alhaji, ga inda matsalar take."

Ashe in barci ya yi nauyi maƙogwaro ke rufewa, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a jini, jiki ya firgita, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Mai lafiya jininsa kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da dare. Nawa hawa yake yi. A gwajin barci an ƙirga ɗaukewar sau 38 cikin awa guda, alhali daga 30 ma ya zama mai tsanani. Ga ciwon kan safe da yawan tashi fitsari, duk na ɗora wa shekaru.

Likita, na gode da haƙurin bayani. Ƙanina da ya sayo na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, har da batir da sola saboda wuta, Allah ya buɗa maka. Maganin jini ban daina ba, an dai ce in rage ƙiba, in riƙa kwanciya a gefe.

Jama'ar masallacinmu, musamman wanda na sha jingina da kafaɗarsa ana huɗuba, ku yafe ni. Litinin in sha Allahu ina shago.